Yadda Na Lallashi Maƙwabtana Suka Sako 'Ya'yansu

A shekarar da aka ce ma'aikatarmu ta tattara ta bar Legas ta koma Abuja, aikin buga tafireta nake yi, kuma ina da yara biyu, mace mai shekara bakwai da ƙaninta mai biyar. Duka a Legas na haife su, a ɗaki da falo a hawa na uku, inda in ka leƙa ta taga ba abin da za ka gani sai rufin kwano da wayoyin lantarki. Ofishin maigidana bai riga ya taso ba a lokacin, saboda haka ni da yaran muka riga shi zuwa, shi kuma yakan leƙo mu in ya sami hutu.

An ba mu gida a kwatas ɗin ma'aikata, wani bene sabo fil mai gidaje goma sha biyu, har warin fenti bai gama fita ba. Ta gabansa titi ne shimfiɗeɗe wanda sai ka daɗe tsaye kafin mota ɗaya ta wuce. Ta bayansa kuwa, da ka tsallake shingen waya, daji ne sosai: ciyawa, itatuwan kaɗanya da ɗorawa, gonaki jefi-jefi, da wani ɗan rafi a gangare. Ni a ƙauye na tashi, a ƙasar Katsina. Safiyar farko da na ji kukan fakara daga can, sai na tsinci kaina tsaye da buta a hannu ina murmushi ni kaɗai.

Amma maƙwabtana ba haka suka ɗauki dajin ba. A makon farko mai gadi ya kashe wani ɗan maciji da bai fi tsawon ludayi ba. Kafin labarin ya kai hawa na biyu ya zama kumurci, da ya kai hawa na uku kuwa mesa ce ta haɗiye akuya. Daga ranar kowa ya garƙame ƙofarsa. Motar makaranta ta sauke yara, a kora su ciki. Gida ɗaya ne yake da bidiyo a benen, can yaran duka suke taruwa, a saki labule, su zauna jigum har magariba. Ba zan wanke kaina ba, nawa ma can suke wuni, ina ma jin daɗi na sami sararin yin wanki.

Akwai wata dattijuwa 'yar Gbagyi da take kawo mana doya da dafaffiyar gyaɗa, kayanta a kafaɗa kamar yadda matansu suke ɗauka. Mama muke ce mata. Wata rana ina sayen gyaɗa, 'yata tana tsaye tana ɓarewa, sai ta ce, “Umma, bishiyar gyaɗa ta kai tsawon benen nan?”

Mama ta yi dariya har sai da ta dafa bango. Da Hausarta mai daɗi ta ce da ni, “Yarinya bai san gyaɗa ba? Kawo shi gona mana. Ga gona nan bayanku, ba nisa.”

Ni ma na yi dariya, amma abin ya wuni yana cina. Ni da na tashi ina roron gyaɗa har farcena ya yi baƙi, 'yar cikina tana neman ta a sama. Ranar Asabar na kama hannunsu muka nufi shinge. Ba mu yi taku hamsin ba suka fara jan ƙafa. Ita ta ce ciyawa tana taɓa ta, shi ya ce an sa sabon kaset, sauran yara suna can suna kallo ba da shi ba. Haka muka juyo. A nan na gane cewa muddin yaran benen suna gaban bidiyo, nawa ba za su tsaya a waje ba. In ana so a fitar da biyu, sai an fitar da duka. Fitar da duka kuwa sai iyayensu mata sun yarda.

Tunda rubutu ne sana'ata, sai na ce bari in yi musu takarda. Lokacin hutun cin abinci na zauna gaban tafireta da takardun da na sayo, na buga ta da Hausa da Turanci, domin mazauna benen kowa da yarensa. Tafiretar ba ta da haruffa masu ƙugiya, sai na bi da biro ina lanƙwasa musu kai ɗaya bayan ɗaya. Abin da na saba bugawa shi ya fito. Na fara da “Ana sanar da ɗaukacin mazauna wannan gini”, na ce a fito da yara bakin shinge ranar Asabar, na jera dalilai lamba ɗaya zuwa biyar, na rufe da “Da fatan za a ba da haɗin kai”. Na liƙa ta a ƙasan matakala ina jin kaina.

Asabar ta zo, na tsaya bakin shinge ni da 'ya'yana kamar masu jiran mota. Ko kaza ba ta fito ba. Da na tambayi Iya, wata Bayarabiya mai fara'a da ke zaune a samanmu, sai ta ce, “Au, ke kika rubuta? Na ɗauka masu ruwan famfo ne, ban karanta ba.”

Abin ya ba ni haushi, da haushin kuma na buga ta biyu. Wannan karon ban rage komai ba. Na ce kun mayar da 'ya'yanku kajin gidan gona. Na ce kuna kashe musu ido da zuciya. Na ce likitoci sun tabbatar yaron da ba ya taka ƙasa ba zai yi ƙwari ba. Ban liƙa ta a bango ba, na bi gida-gida ina turawa ta ƙarƙashin ƙofa.

Wannan kam an karanta ta. Da yamma aka ƙwanƙwasa mini ƙofa. Maman 'yan biyu ce, maƙwabciyata ta hawa ɗaya, Bazazzagiya, nas ce a wani asibiti, ko kayan aikinta ba ta cire ba. Ita ce ta fi kowa tsoron dajin nan, don ita take ganin waɗanda ake kawowa da saran maciji. Takardar tana hannunta.

Ta ce, “Maƙwabciya, wane likita ne ya faɗa miki wannan? Gaya mini sunansa, wataƙila na san shi.”

Babu wani likita. Ni na ƙago shi don maganata ta yi nauyi.

Ta ce, “Kajin gidan gona kuma, naki biyun a gidan wa suke wuni?”

Ta ajiye mini takardar a kan kujera ta fita. Kwana uku muna haɗuwa a matakala, gaisuwa sama-sama. Har Iya mai fara'a sai da ta ɗan ja baya.

A ofishinmu akwai wani dattijo, babban jami'i, wanda shi yake tsara jawabai da wasiƙun manya, ni kuma in buga. Mutum ne mai sanyin magana, kullum da goro a aljihu da jan biro a bayan kunne. Ya lura ina ta kuskure a aikinsa, har na buga layi ɗaya sau biyu. Ya ce, “'Yata, yau tafiretar ce ba lafiya ko mai ita?” Na kwashe labari na gaya masa, na miƙa masa takardun biyu. Ya gyara tabarau ya karanta. A ta farko ya yi hamma da gangan. A ta biyu ya yi dariya har da tari.

Ya ce, “Ta farko ba mutum a cikinta. Ta biyu akwai mutum, amma da bulala ya zo.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, ai gaskiya na faɗa.”

“Gaskiya ce, in ban da likitan. Ki ƙirga mini, sau nawa kika ce ‘ku’?”

Na ƙirga, sun haura goma.

“‘Mu’ fa?”

Babu ko ɗaya.

Ya ɓare goro ya ce, “To kin gani. Kin hau mumbari kin bar su a ƙasa, alhali tare kuke cikin laifin. Sannan matan nan ba ƙin 'ya'yansu suke yi ba, tsoro suke ji. Kin ambaci maciji ko sau ɗaya? Ba ki ambata ba. Mai karatu kuwa yana karantawa yana cewa a ransa, macijin fa? In ba ki amsa masa ba, duk sauran zancenki iska ne.”

Na ce to me zan rubuta? Sai ya tambaye ni abin da ya tayar da maganar tun farko. Na ba shi labarin bishiyar gyaɗa. Ya buga tebur.

“Wannan kika ɓoye kika tafi neman likita? Ki fara da shi. 'Yarki ce, kunyar taki ce, ba wanda zai ji an zage shi. Bayan haka ki tambaye su ƙuruciyarsu. Duk matar da ke benen nan, kafin ta zama madam, ta taɓa yawo ba takalmi. Ki tuna mata, ita za ta ƙarasa miki rubutun a zuciyarta. Kuma kada ki ce su sauya tarbiyya. Ki roƙi abu ƙarami, wanda mutum zai ji kunyar hanawa.”

Kafin in sake taɓa tafireta sai da na nemi Mama, na tambaye ta ko da gaske take mu zo. Ta ce gyaɗarta ma ta isa cira, hannu take nema. Na tambaye ta zancen macizai. Ta ce akwai su mana, daji ne, amma hanyar gonarta a share take, kullum jikokinta suna bi, kuma maciji ya fi mu gudun hayaniya.

Har yanzu ina iya tuna yawancin abin da na rubuta a ta uku:

“'Yan'uwana mata, ina ba ku haƙuri kan takardar da ta wuce, na yi kaushin baki. Abin da ya sa na yi ta shi ne, 'yata ta tambaye ni ko bishiyar gyaɗa ta kai tsawon benenmu. Na yi dariya, daga baya na ji kunya, don ni ce ban nuna mata ba. Ni a shekarunta na san inda kurciya take sheƙa, na san ɗinyar da ta nuna tun daga ƙasa. Ke fa? Wace bishiya kika fara hawa? Wa ya tsare miki hanya kada a gan ki? Wane wasa ne ake kiran ki cin abinci ki yi kamar ba ki ji ba? Ni ma ina tsoron maciji kamar kowa. Shi ya sa ba na cewa mu saki yara su kaɗai. Mu tafi tare, da rana tsaka, ta sharariyar hanya, kowa da rufaffen takalmi. Mama mai doya ta gayyace mu cirar gyaɗa ranar Asabar da hantsi. Awa ɗaya kawai. Wadda ba ta ji daɗi ba, ba zan ƙara tura mata takarda ba.”

Wannan karon hannu da hannu na bayar. Maman 'yan biyu ta karɓa ta karanta a tsaye a bakin ƙofarta. Ba ta ce za ta zo ba. Abin da ta ce kawai, kamar da kanta take magana, “Tsamiya ce. Ta bayan gidan kakata.” Ta rufe ƙofa.

Ranar Asabar da na sauko, na tarar da mata shida da yara goma sha ɗaya a bakin shinge. Shirin da suka yi kuwa, sai ka ce yaƙi za a tafi. Iya ta riƙo kwalbar kananzir, wai macizai ba sa son warinsa, tana tafe tana yayyafawa. Wata ta sa wa 'ya'yanta fararen safa har gwiwa. 'Yan biyu suna cikin takalman ruwan sama, uwarsu da jakar magani a kafaɗa, fuska a ɗaure. Mijin wata daga cikinmu ya biyo mu da taɓaryar matarsa, ya ce shi ne mai tsaro.

Ba mu yi nisa ba wata yarinya ta ƙwalla ƙara, “Maciji!” Kan ka ce kwabo mai tsaro ya riga kowa komawa bakin shinge. Mama, da ta taryo mu a hanya, ta sunkuya ta ɗauko abin a tafin hannunta. Ƙadandoniya ce, ta nannaɗe kamar gammo. Ta miƙa wa yaran. Suka ja da baya, sannan suka matso, sannan ɗana ya sa yatsa ya taɓa. Daga nan kowa sai ya taɓa. Mai tsaro ya dawo yana cewa dama sanda ya je canzawa.

A gona Mama ta kama wani ɗan ganye da ke shimfiɗe a ƙasa ta ce da 'yata, “Ja.” Ta ja da hannu biyu, ƙasar tana da laushi don an yi ruwa kwana biyu da suka wuce, sai ga shi ya tuge gaba ɗaya, gyaɗa reto-reto a jikin saiwa. Yarinyar nan ta tsaya baki buɗe. Ta dubi gyaɗar, ta dubi ramin, ta ce, “Umma, wa ya binne su?” Sai yara suka bazu cikin kunyoyin gonar, kowa yana tugewa yana ihu kamar shi ya fara ganowa. Fararen safa suka koma jajaye. Uwarsu ta buɗe baki za ta yi magana, sai kuma ta tuɓe nata takalmin ta shiga.

A gefen gonar akwai wata babbar ɗinya, ta yi baƙi da 'ya'ya. Yaran suka taru a ƙarƙashinta suna tsalle, ba wanda ya san yadda ake yi. Ɗaya daga cikin 'yan biyu ya rungumi gindin yana ta zamewa. Uwarsu tana kallo, tana cewa, “Ba haka ba. Sa ƙafarka a can. Kai, ba can ba!” Da abin ya ishe ta, sai ta miƙo mini jakar magani, ta ɗaure zani tamau, ta cire takalmi. Wallahi kafin in ce a'a, matar nan tana kan reshe na biyu. Ta kama wani reshe ta girgiza, ɗinya ta zubo kamar ƙanƙara. 'Ya'yanta suka daskare, ɗayan ya ce, “Mami, dama kin iya?” Daga sama ta amsa, “Kafin a haifi ubanka ma na iya!” Iya ta yi dariya har kananzir ɗinta ya zube.

Awa ɗayan nan ta zama huɗu. Muka gangara rafi, ruwan iya idon sawu, yara suka yi ta bin 'ya'yan kwaɗi da tafin hannu. Iya ta haƙa ramuka a yashi ta koya musu wani wasan tsakuwa na garinsu, ni kuma na zana 'yar gala-gala na ga ashe ƙafata ba ta manta ba, numfashina ne ya manta. Jikokin Mama suka zo suka tsaya nesa suna kallon waɗannan baƙi da ba su san komai ba, can kuma suka shigo, suka nuna musu yadda ake busa da karan dawa. Muka dawo da azahar, haƙora baƙi ƙirin da ɗinya, kowace da ƙullin gyaɗa da Mama ta ce ladan aiki ne.

Washegari da sassafe aka buga ƙofata. Ina buɗewa na ga Maman 'yan biyu riƙe da hannun ɗaya daga cikinsu, ƙafafunsa duk sun yi ruɗu-ruɗu, ya shiga wani ganye mai ƙaiƙayi. Na fara ba da haƙuri, ta katse ni.

“Bar wannan, na shafa masa magani, gobe zai baje. Ciyawar bakin shingen nan ce ta yi yawa. In maza suka sassabe ta, yara sun sami fili a kusa, muna hango su ta taga. Takarda za a yi musu.”

Na ce to, zan zauna in tsara ta a hankali, in fara da tambayar su ƙuruciyarsu. Ta ce, “Wa yake da lokacin wannan? Ɗauko biro in faɗa miki.” Na ɗauko. Ga abin da ta sa na rubuta, ba ragi ba ƙari: “Mazan wannan bene, matanku sun shiga daji sun fito lafiya. Ciyawar da ke bakin shinge tana jiran ku ranar Asabar. Wanda ba shi da adda ya zo, za a ara masa. Wanda yake jin tsoro ya faɗa, za a raka shi.”

Na ce, “Maman 'yan biyu, wannan ai duk abin da aka hana ni ne. Ba lallashi, ba ‘mu’, ga gori.” Ta ce in buga kawai.

Asabar tun kafin rana ta yi zafi muka ji sara. Muka leƙa ta taga, maza takwas ne, har da maigidana da ya iso daren Juma'a ya tarar da takardar a kan tebur. Mai tsaro ne a gaba, ya ɗaura ɗankwali a ka, yana ba da umarni. Kafin azahar sun share fili mai faɗi, sun kafa duwatsu biyu a kowane gefe don ƙwallo, wani ma ya rataya tsohuwar taya a reshen ɗorawa.

Ranar Litinin na kai wa dattijon ofishinmu ɗinya a leda, na ba shi labari duka, na nuna masa takardar maza. Ya karanta sau biyu, ya zaro jan biro daga bayan kunne kamar zai gyara wani abu, sai ya mayar.

Ya ce, “Shekara talatin ina wannan aiki, ban taɓa rubuta wadda ta kai ta ba. Nas ɗin nan ta san marasa lafiyarta.”

Filin nan ya yi mana damina uku. A cikinsu ɗana ya karye a hannu sau ɗaya, ya warke, 'yata ta koyi hawan ɗorawa ta kuma koyi Gbagyi kaɗan a bakin jikokin Mama, mai bidiyo kuwa ta ce ta huta da sharar ɓawon gyaɗa a falonta. Daga baya masu awon filaye suka zo suka kafa turaku, aka fara haƙa harsashin wasu benaye, Mama da mutanenta suka koma wajen danginsu ta ɓangaren Karshi. Ranar da motar rusau ta fara aiki, mun ɗauka yaran za su yi kuka. Da muka leƙa, sai muka hango su a kan tulin jar ƙasar da ta tara, su goma sha wani abu, suna hawa suna gangarowa a kan kwali, direban yana ta ɗaga musu hannu su matsa.